Mazarin Ƙorama

[Kiɗan buɗe shiri, sannan ƙarar ruwa mai gudu a hankali]

Jama'a masu sauraro, barkanmu da sake saduwa a shirinmu na faɗakarwa kan muhalli. Mutanen Yola da Jimeta, da na Girei da Fufore, da masu kama mu a Numan da Mayo Belwa, ina gaishe ku. Masunta da ke gyaran koma a bakin Binuwai, da manoman rani na Geriyo da suka rataye rediyo a reshen bishiya, sannunku da aiki.

Yau ƙwaro na kawo muku. Na san wani zai ce, duk abin da ya dame mu a ƙasar nan, malam ya rasa abin magana sai ƙwaro? Ku ɗan ba ni aron kunnuwanku. In na gama ba ku ga inda ƙwaron nan ya taɓa randar ruwanku da kwandon kifinku ba, ku kira ku faɗa mini.

Kowa ya san mazari. Duk wanda ya tashi a Doubeli ko Rumde ko Limawa, nan kusa da kogi, ya yi yarinta da shi. Mukan lallaɓa ta baya mu cafke shi, mu ɗaura masa zaren da muka sato a keken ɗinkin gida, mu sake shi yana tashi muna binsa da gudu, wai mun sayi jirgi. Allah Ya yafe mana, don da yawansu ba su kai la'asar ba. Sunansa ɗaya da mazarin kaɗi, wanda tsofaffinmu ke murza auduga da shi, kuma in ka dubi jikin za ka ga kamar: dogo, siriri, da ɗan dunƙule a gefe guda kamar gululu. Ga kuma rawar jiki. Ai ko mutum tsoro ya kama, cewa ake yi jikinsa na ɓari kamar mazari.

Sai dai mazari gida biyu ne, ko da yake mu suna ɗaya muke kiransu. Masana sun ƙidaya iri sama da 6,000 a duniya, suka raba su kashi biyu. Akwai mai ƙiba, mai manyan idanu da suka haɗe a tsakiyar kai, mai gudu kamar an harba kibiya. Shi in ya sauka a kan kara, fukafukansa a buɗe yake barinsu, kamar jirgin da ya sauka a filin jirgin Yola. Shi ne wanda muka ɗaura wa zare. Na biyun siriri ne kamar tsinken tsintsiya, idanunsa a rabe, ɗaya can ɗaya can kamar kan guduma, tashinsa a hankali, kuma in ya sauka sai ya naɗe fukafukansa huɗu a bayansa, ya haɗe su wuri guda. Daga yau in kun ga mazari ya sauka, ku fara duba fukafukan. Da wannan yawanci za ku san daga wane gida ya fito.

A cikin siraran nan yawanci ƙanana ne, ba su wuce tsinken ashana ba. Amma akwai wani dangi na manya, masu dogayen ƙafafu da faffaɗan fiffike, waɗanda ba sa zama sai a bakin ruwa mai gudu. Su ne maganarmu ta yau. A littattafan kimiyya ana kiran dangin Calopterygidae, kalmar Girkanci ce, ma'anarta mai kyawun fiffike. Sun haura iri 150, a warwatse a Afirka da Asiya da Turai da Amurka. Mu a shirin nan bari mu sauƙaƙa wa harshenmu, mu ce masa mazarin ƙorama.

Wanda ya fi yaɗuwa a nahiyarmu, tun daga Afirka ta Yamma har Afirka ta Kudu, shi ne wanda ake kira Phaon iridipennis. Wani Bajamushe mai suna Hermann Burmeister ne ya fara bayyana shi a rubuce a 1839, wato shekara biyu kafin Modibbo Adama ya kafa Yola a 1841. Tsawonsa ya kai kimanin santimita 7. Ku dubi ɗan yatsanku manuni, to kusan haka.

Bari in ba ku labarin ranar da na fara ganinsa da idon basira. Wata shekara, ƙarshen watan Oktoba, ruwa ya ɗauke amma ciyawa ba ta bushe ba, na raka wani abokina ƙauyensu a gindin duwatsun Vere, kudu da Yola. Da rana ta take, na gangara wata 'yar ƙorama da ke bayan gari. Ruwan bai kai gwiwa ba, garai-garai, kana ganin tsakuwar ƙasa. Itatuwan malmo da kanya da ɓaure sun haɗe a sama, sun rufe ta ruf, har sai da na ji sanyi a wuya. Na zauna a kan wata saiwa ina wanke ƙafa. A gabana akwai busasshen reshe da ya faɗo, da wasu tsinkaye a jikinsa. Ban kula ba. Da na miƙa hannu zan dafa reshen, sai tsinke ɗaya ya tashi.

Jama'a, abin da na gani a daƙiƙa biyun nan har yau yana idona. Jikinsa ba wani ado, ruwan ƙasa ne da ɗan kore mai duhu, shi ya sa ya saje da reshen. Fukafukan kuma a inuwa kamar farar leda suke, kana ganin abin da ke bayansu. Amma da ya ratsa inda rana ta huda ganye, sai suka yi wal, shuɗi da ruwan hoda suka gilma a kansu, irin ƙyallin rawani ɗan Kura da ya sha bugu, ko wuyan tantabara in ta juya. Ya yi 'yar tafiya, tashinsa a sanyaye kamar na malam-buɗe-littafi, ya koma inuwa ya naɗe, ya sake zama tsinke. Na dubi reshen da kyau, sai na ƙirga guda shida.

Wata tsohuwa tana wanki can ƙasa da ni, ta ga na ƙura wa itace ido kamar wanda aka yi wa asiri. Ta ce, “Ɗana, lafiya? Maciji ka gani?” Na ce, “A'a Inna, ƙwarin nan nake kallo.” Ta yi dariya ta ce, “Waɗannan? Ai 'yan gida ne. Inda ka gan su, ruwan wurin ba ya yankewa da wuri.” Ta ci gaba da bugun wankinta. Inna ba ta taɓa shiga aji ba, amma abin da ta faɗa a jimla guda, shi ne abin da zan kwashe sauran shirin nan ina yi muku bayani.

[Gajeren kiɗa]

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, mazarin da muke gani yana tashi, ƙarshen rayuwarsa muke gani. Makonni kaɗan yake yi a sama. Mafi yawan kwanakinsa a ƙarƙashin ruwa yake yin su.

Farkon abin barbara ce. A irin da yawa na dangin nan, namiji yakan kama ɗan yanki a bakin ƙorama, inda akwai ciyawar ruwa ko ruɓaɓɓen itace, ya tsare shi kamar mai gadin fili. Wani namiji ya zo, a yi ta zagaye a iska har ɗaya ya gaji. Mace ta zo, sai ya yi ta kaɗa fiffike a gabanta yana nuna ado. In ta yarda, ya riƙe ta a wuya da ƙarshen wutsiyarsa, ita kuma ta lanƙwaso tata, su zama kamar zobe. A 1979 wani masani a Amurka, Jonathan Waage, ya gano wani abin mamaki a wani irinsu mai baƙin fiffike da ke can: namijin yakan fara share irin da wani namiji ya riga ya bari a jikin macen, sannan ya zuba nasa. Ashe kishi ba a gidan ɗan Adam kaɗai ya sauka ba.

Daga nan macen takan huda jikin ciyawa ko saiwa ko itacen da ke jiƙe a ruwa, ta cusa ƙwai ɗaya bayan ɗaya. Wasu har nutsewa suke yi gaba ɗaya, su yi ta aikinsu a ƙarƙashin ruwa, sannan su fito su bushe su tashi.

Abin da ke ƙyanƙyashewa ba ya kama da uwarsa ko kaɗan. Wani ɗan abu ne dogo, launin laka, mai ƙafa shida dogaye kamar na gizo-gizo. Ba shi da fiffike. A wutsiyarsa akwai wasu abubuwa uku kamar siraran ganye, da su yake shaƙar iskar da ke narke a cikin ruwa, kamar yadda kifi ke yi. Ba gwanin iyo ba ne. Maƙalewa yake yi a saiwoyin bishiya da suka sauko cikin ruwa, ya yi lamo, yana jiran abin da ruwa zai kawo. Makaminsa leɓensa na ƙasa. Leɓen nan dogo ne, a naɗe yake a ƙarƙashin kai kamar hannun da aka lanƙwashe, da ƙugiyoyi a bakinsa. Ƙaramar tsutsa ta gifta, sai ya harba shi, ya cafko, ya mayar baki, kafin ƙiftawar ido. Haka zai yi ta ci yana girma, yana saɓa kamar maciji sau da yawa. A ƙasashe masu zafi irin namu watanni yake yi, a ƙasashen sanyi kamar Ingila har shekara biyu.

Ranar fita, yakan hau kara ko saiwa ya bar ruwan, ya kafa ƙafafu. Sai bayansa ya tsage. Sabon mazari ya zaro kansa a hankali, laushi tiɓis, fari-fari, fukafukan a cukurkuɗe kamar tsumman da aka matse. Ya tura ruwan jikinsa cikin jijiyoyinsu har su miƙe, ya jira su bushe. A wannan lokacin ko tururuwa tana iya kayar da shi, balle kwaɗo ko tsuntsu. In ya tsira, ya tashi ya bar saɓarsa maƙale a karan. Wanda ya iya duba zai same ta, busasshiya, da ƙafafunta shida da tsagar bayanta. Kuma ita ce shaidar da ta fi ƙarfi, don babban mazari yana iya zuwa baƙunta daga wani wuri, amma saɓa tana nuna a ruwan nan aka haife shi, a nan ya girma.

To, ku haɗa lissafin da kanku. Halittar da za ta yi watanni tana numfashi a cikin ruwa da 'yan ganyayyaki uku, tana maƙale da saiwa, me take bukata? Tana bukatar ruwa mai gudu, don gudu da karo da duwatsu su ke cusa iska a cikin ruwa. Tana bukatar inuwa, kuma wannan mu mutanen Yola ba sai an yi mana dogon bayani ba. A Maris da Afrilu zafi yakan haura digiri 40 a garin nan, kuma ruwa in ya ɗumama, iskar da yake riƙewa raguwa take yi. Bishiyar bakin ƙorama ita ce randar ƙasa ta halittun ruwa. Tana bukatar saiwar da za ta kama. Tana bukatar ruwan da ba laka, don laka toshe mata abin numfashi take yi. Tana kuma bukatar kada ruwan ya ƙafe kafin ta gama girma, abin da Inna ta lura da shi ke nan. A cire ɗaya daga cikin waɗannan, mazarin ƙorama ya yi sallama da wurin. Kuma yakan riga kifi tafiya, ya riga mutum jin wari.

A nan sai na ja kunne, don wani zai ce, ai mazari ya cika Jimeta, jiya ma na ga ɗaruruwa a kan Tafkin Geriyo. Gaskiya ne ka gani, amma ba shi ba ne. Wanda ke yin gayya a sama in hadari ya haɗu, mai launin ɗorawa, daga gidan masu ƙiba yake, sunansa Pantala flavescens. Wannan fatake ne. Iskar damina yake bi, an ma gano yana tsallake teku daga Indiya zuwa gabashin Afirka. Kowane kududdufi ya samu zai zuba ƙwai, 'ya'yansa su girma cikin 'yan makonni kafin ruwan ya ƙafe. Kun ma sha ganinsa yana dungurar gilashin mota ko sabon kwano, ya ɗauka ruwa ne. Ganinsa ba ya gaya maka komai game da lafiyar ruwa. Mazarin ƙorama kuwa ɗan gida ne, ba ya nisa da inda aka binne cibiyarsa, shi ya sa shaidarsa take karɓuwa.

[Gajeren kiɗa]

Yanzu mu dubi ƙoramunmu. Ƙasar nan ta Adamawa ƙasar ruwa ce, sunayen garuruwanmu ma sun faɗa: Mayo Belwa, Mayo Ine, mayo kuwa kogi ne da Fulatanci. Daga duwatsun Vere da Alantika da Shebshi ƙananan ƙoramu ke gangarowa, su haɗu su zama mayo, mayo ya faɗa Binuwai. Ruwan da ke wucewa ƙarƙashin gadar Jimeta, wani kasonsa daga irin 'yar ƙoramar da na zauna a bakinta ya taso.

Me muke yi musu? Na farko gatari. Bishiyar bakin ruwa ta fi kowace girma da miƙewa, don haka ita mai gawayi da mai katako ke fara nufa. Ba mu manta da shekarun da aka yi ana lodin madobiya ba, wadda 'yan kasuwa ke kira Madrid, tirela bayan tirela daga dazukan Taraba da Adamawa zuwa tashar jirgin ruwa, a kai Sin. Ita madobiya ba a bakin ruwa kaɗai take ba, amma hanyar da aka fasa don a ɗauko ta, ita mai gawayi ya bi daga baya ya kwashe abin da ya rage. Sai garma ta biyo. Muna noma har leɓen ruwa, ba ma barin ko taku biyar na ciyawa. Ruwan farko ya sauka, ya kwashi ƙasar gonar, wadda ita ce dukiyar manomin, ya zuba a ƙorama. Manomi ya yi asarar ƙasa, ƙorama ta sami laka, ba wanda ya ci riba.

Wanda ke son ganin ƙarshen laka, ya je ya dubi Tafkin Njuwa a Yola. Iyayenmu suna ba da labarin bikin kamun kifin Njuwa, yadda jama'a ke ɗunguma daga ko'ina, ruwa ya cika da masu koma da gora. Tafkin ya yi ta cikewa da yashi da laka, har aka yi shekaru ba a yi bikin ba. Laka ba daga sama ta faɗo ba, ruwa ne ya ɗauko ta daga inda ƙasa ta zama tsirara.

Sai wanda ya fi ci mini rai, wato jarkar feshi. 'Yan'uwana manoma, ni ma ɗan manomi ne, na san wahalar ciyawa, na san abin da tsutsa ke yi wa masara da wake. Ba cewa nake a daina feshi ba. Amma mutum ya gama feshin maganin ƙwari, ya sauko da jarkar daga baya, ya gangara ƙorama ya ɗauraye ta a ciki, ya jefa kwalbar maganin a ruwa ya tafi. Maganin da aka haɗa don kashe ƙwaro ba ya tambayar wane ƙwaro ne. Abin da ya kashe a gona, shi zai kashe a ruwa: 'ya'yan mazari da sauran ƙananan halittun da karfasa da tarwaɗa da kawara ke ci. Ɗebo ruwan a bokiti, ka yi nisa da gaɓa, ka wanke a can, ka zubar a rami. Minti goma ne. Masu zuba gamalin a ruwa don kifi ya taso kuwa, ba ni da wata kalma mai laushi da zan gaya musu. Guba ce, tana kashe babba da ƙarami da ƙwai, kuma kifin a tukunyar wani zai ƙare, watakila ta gidanku.

Ga masu haƙar yashi da ke shigar da tifa har tsakiyar ruwa, ga masu wankin mota da babur da ke barin baƙin mai, ga leda. Waɗannan kuna ganinsu kullum a Chouchi, tsakanin Jimeta da Yola, ba sai na tsaya a kansu ba.

In ambaliya ta zo, bakinmu ɗaya: madatsar Lagdo. Kuma da gaskiyarmu. Tun da Kamaru ta gama madatsar a 1982 muke zaman jiran sanarwar sakin ruwa, mun ga abin da ya faru a 2012 da 2022, kuma madatsar Dasin Hausa da aka ce za ta tare mana ruwan har yau a takarda take. Sai dai ba kowane ruwa ne ke zuwa daga Lagdo ba. Ƙoramar da ke da kurmi a gefenta tana riƙe ruwan sama, ta sake shi a hankali har cikin rani. Wadda aka aske, a dare ɗaya take juye shi gaba ɗaya a kan na ƙasa, da wata biyu kuma ta bushe ƙamas. Wannan kason namu ne, ba na Kamaru ba.

Ba mu kaɗai abin ya dama ba. A Disambar 2021 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta fitar da sakamakon binciken mazari iri 6,016, ta ce kashi 16 cikin 100 suna fuskantar barazanar ƙarewa, kuma babban dalili lalacewar ruwayen da suke hayayyafa a ciki. A Afirka ta Kudu masana irin su Michael Samways da John Simaika sun tsara wani ma'auni, kowane irin mazari da makinsa, daga 0 zuwa 9. Wanda ke zama ko'ina makinsa kaɗan, wanda ba ya jure ɓacin ruwa makinsa da yawa. A je bakin kogi a rubuta waɗanda aka gani, a haɗa lissafi, a san ko kogin lafiya yake. Ba a bukatar injin miliyoyi, ido ne da littafi da haƙuri.

Kuma filin a buɗe yake. A 2015 wasu masana uku, cikinsu da Klaas-Douwe Dijkstra na ƙasar Holan, sun bayyana sababbin irin mazari 60 daga Afirka a lokaci guda, waɗanda kimiyya ba ta taɓa ba su suna ba. Ɗaya daga cikinsu ɗan dangin nan ne na mazarin ƙorama, daga wani reshe da ake kira Umma. I, Umma, kamar yadda kuke kiran mahaifiyarku, ko da yake sunan ba daga Hausa aka ɗauko shi ba. Su Umma da 'yan'uwansu Sapho, waɗanda mazan wasunsu ke da fiffike baƙi wuluk mai sheƙi, 'yan kurmi mai duhu ne, irin na kudancin Najeriya da Kamaru. Mu kuma muna da gandun Gashaka-Gumti, mafi girma a Najeriya, wanda ɓangarensa na arewa yake Toungo a jiharmu, cike da ƙoramun dutse da kurmi. Ɗaliban nazarin halittu na Jami'ar Modibbo Adama da na Jami'ar AUN, masu neman abin da za su rubuta a aikin kammala karatu, ga shi nan a bayan gida. Wayar da ke aljihunku ta isa ɗaukar hoto, akwai kuma manhaja mai suna iNaturalist da za ku ɗora shi, masana daga ko'ina su taya ku gane irinsa.

Abu biyu kada a fahimce ni a baibai. Gaskiya ne mazari yana cin sauro, babba yana kama shi a iska, ƙarami yana cin tsutsarsa a ruwa. Amma sauron cizon dare mai kawo zazzaɓi a kududdufi da sawun taya da ruwan da ya kwanta a bayan gida yake hayayyafa, inda mazarin ƙorama ba ya zuwa. Kada wani ya naɗe gidan sauro ya ce malam ya ce mazari zai yi masa gadi. Na biyu, ganin mazarin ƙorama yana nuna ruwa na da iska da inuwa, kuma ba a zuba masa guba ba. Ba ya nuna babu ƙwayar kwalara ko taifot, ba ya nuna babu tsargiya. Ruwan sha a tafasa shi ko a sa masa magani, ko da mazari dubu ne a kansa. Yara kuma, ku ji da kyau: mazari ba shi da ƙari, ba ya harbi, doguwar wutsiyar nan ba ta kunama ba ce. Ku kalle shi, ku bar zaren Umma a kekenta.

Mai son ya gani da idonsa, lokacin ya fi kyau daga ƙarshen damina zuwa farkon hunturu, sa'ad da ruwa ya lafa ya washe. A cikin gari da wuya ka same shi, sai ka fita inda ƙorama ke da sauran bishiyoyi. Ka je da hantsi, ka bi gaɓa a hankali ta cikin inuwa, idonka a kan busassun rassa da ke ƙasa-ƙasa, shi zai tashi ya nuna maka kansa. A kula da maciji, kada yaro ya je shi kaɗai, kada kuma a shiga ƙorama in an yi ruwa a kan dutse, don takan cika ba sallama. Malaman firamare da na sakandare, ku gwada da ɗalibanku: ƙorama ɗaya, wuri ɗaya, wata ɗaya a kowace shekara, a ƙirga a rubuta. Bayan shekara uku littafin zai fara magana.

Ni na koma tawa ƙoramar bayan wasu shekaru, a irin wannan lokacin na shekara. Saiwar da na zauna a kai tana nan, amma malmon da ke kanta ya zama kututture, an yi gonar masara har bakin ruwa. Ruwan ya yi launin kunun kanwa, rana na dukansa kai tsaye, da na sa ƙafa sai na ji shi ɗumi. Masu ƙiba jajaye suna ta shawagi abinsu. Na tambayi Inna, aka ce ta rasu, Allah Ya jiƙanta. Na naɗe wando na bi ruwan sama, na yi tafiyar kusan rabin awa, har inda duwatsu suka matse ƙoramar, inda mai gatari ba zai iya fitar da itace ba ko ya sare. Can na sake jin sanyin nan a wuya. Na tsuguna a gaban wani busasshen reshe na jira. Na ƙirga uku. A jikin wata saiwa kuma, ɗan sama da ruwa, na sami saɓa guda, na sa ta a kwalin ashana. Ga ta nan a kan teburina a ɗakin watsa shiri, ƙafa ɗaya ta karye a hanya.

Lokaci ya cim mana. Wanda ya san ƙoramar da har yanzu ake ganin mazarin nan, ko yadda ake kiransa da Fulatanci ko Bata ko Vere ko Chamba, ya aiko mana, za mu karanta a shiri na gaba. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. A huta lafiya.

[Kiɗan rufe shiri]